Me ya sa 'yan tseren keke ke tafiya a dunƙule, kuma me ya sa zinaren Olamfik ke kuɓuce wa manya?

"Assalamu alaikum. Na kalli tseren keke na maza a gasar Olamfik ta Paris a talabijin. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, an shafe awanni suna tafiya a dunƙule kamar 'yan rakiyar amarya, wasu na hira, wasu na cin abinci, alhali ga wasu mutum biyar can sun yi gaba sun ba su rata mai yawa. In dai tsere ne, me ya hana wanda ya fi kowa ƙarfi ya taka ya wuce tun daga farko? Sannan wani abokina ya ce gane wanda zai ci Olamfik ya fi gane wanda zai ci Tour de France wuya. Haka ne?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, tambayarka biyu ce a ido, amma saiwarsu ɗaya. Kana son sanin abin da ke hana mai ƙarfi ya yi gaba abinsa tun da hantsi, da kuma dalilin da ya sa tseren yini ɗaya na Olamfik yake yawan ba masu hasashe kunya. Dukansu suna komawa ga abin da kyamara ba ta iya nunawa, wato iska, da rigimar wanda zai tare wa sauran ita.

Bari in faɗi inda nake tsaye. Na yi shekaru ina tsere a matakin 'yan sha'awa, yanzu kuma ina fita horo da matasa a ƙarshen mako. Ban taɓa shiga ayarin ƙwararru na Turai ba. Abin da zan faɗa a kansu daga kallo ne da bibiya ta shekaru, amma abin da zan faɗa a kan iska ƙafafuna ne suka koya mini.

Iskar da ba a gani a talabijin

Duk wanda ya taɓa tuƙa keke yana fuskantar iskar hunturu ya san rabin amsar. Kana taka feda iya ƙarfinka, amma keken kamar an riƙe shi ta baya. To ɗan tsere kullum a wannan hali yake ko da ganye ba ya motsi, domin gudunsa ne da kansa ke haifar masa da iskar. A shimfiɗaɗɗen titi, idan gudu ya kai kilomita 40 a awa, fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙarfin da mahayi ke fitarwa wajen keta iska yake tafiya. Gugar taya da kwalta da juyin sarƙa, ɗan abin da ya rage suke rabawa. Kuma lissafin ba ya tafiya daidai wa daida. In ka ninka gudunka sau biyu, turjiyar iska za ta ninku sau huɗu, ƙarfin da za ka kashe wajen keta ta kuwa sau takwas. Ƙarin kilomita 5 kacal, daga 40 zuwa 45, yana neman ƙarin ƙarfi wajen kashi 40 cikin 100.

Amma iska tana da wata ɗabi'a. Wanda ya keta ta yakan bar gurbi a bayansa, kamar yadda kwalekwale ke barin hanya a ruwa. Idan ka manna tayarka ta gaba kusa da tayar bayan wani, tazarar taƙi ɗaya ko biyu, za ka yi gudu daidai da nasa kana ajiye kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinka. Wannan a bayan mutum ɗaya ke nan. A tsakiyar babban ayari, inda mutane suka kewaye ka gaba da gefe, abin ya wuce haka nesa ba kusa ba. Wani binciken da Farfesa Bert Blocken ya jagoranta a 2018, a kan ayarin mahaya 121, ya nuna cewa wanda ke can ciki wajen baya yana haɗuwa ne da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 kawai na turjiyar da zai sha in shi kaɗai ne. Shi ya sa ka ga suna hira. Keken na gudun 40, amma na tsakiya kusan janye shi ake yi.

Yanzu ka ɗora wannan a kan tambayarka. A ce gwanin gwanaye ya fi na biyunsa ƙarfi da kashi 5 cikin 100, wanda a matakin ƙwararru rata ce babba. Ya taka ya fita shi kaɗai a kilomita ta farko. Shi yana biyan kuɗin iska cikakke, ba hutu, na awa shida. Mutum tamanin da ke bayansa kuwa karɓa-karɓa suke yi: wannan ya ja gaba minti ɗaya, ya kauce ya koma baya ya huta, wani ya karɓa. Fifikon kashi 5 ba ya tsaya wa ragin kashi 30. Za su bar shi ya dafa kansa a rana, su cim masa a lokacin da suka ga dama, su wuce shi ba tare da ya iya ko bin bayansu ba.

Duk shekara sai na sami yaro guda a cikin waɗanda nake horarwa wanda wannan darasi ke yi wa wuyar shiga. Galibi shi ne mafi ƙarfinsu. Yana jin kunyar zama a bayan wani, gani yake raini ne, sai ya kama gaba tun daga fita gari ya ja kowa kilomita hamsin. Saura mita ɗari uku a kai inda muka sa alama, sai wani siririn yaro da ya laɓe a bayansa tun safe ya fito ya wuce shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ranar yakan yi fushi ya ce an cuce shi, ni kuma in ce masa dokar wasan ke nan, kuma ran da ya koyi tattalin ƙarfinsa babu mai kama shi a cikinsu. (Wani abu da nake hana su da babbar murya: laɓewa a bayan tirela ko bas don neman wannan gurbin. Birki ɗaya direba zai taka, shi ke nan.)

Akwai kuma batun mai. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta bai wuce na kamar kalori 2,000 ba, tsere irin na Paris kuwa yana cin fiye da ninki biyu na haka. Idan mahayi na tafiya a hankali, jiki kitse yake ƙonawa da yawa, ya bar sukarin. Idan ya matsa, sukarin yake kwasa. Cin abincin da ka gani wani ɓangare ne na tseren kansa: ƙwararru a yau suna cusa wa cikinsu giram 90 zuwa 120 na sukari da dangoginsa a kowace awa. Na taɓa raina wannan a wani tsere mai nisan kilomita ɗari da 'yan kai, na ƙi ci saboda ba na jin yunwa. Wajen kilomita ta casa'in ƙafafuna suka mutu lokaci guda, idona ya fara ganin dishi-dishi, mutanen da na bari a baya tun da daɗewa suka riƙa wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar ba na barin yaro ya fita doguwar tafiya ba dabino ko ayaba a aljihun rigarsa.

Su wane ne biyar ɗin da suka yi gaba?

Waɗanda ka gani a gaba a Paris 'yan ɓallewar safe ne, kuma a ranar daga Ruwanda, Yuganda, Maroko, Morishas da Tailan suka fito. Ayari ya bar su ne da gangan, har ratar ta wuce minti goma, saboda ya auna su ya ga babu wanda zai iya riƙe wannan gudun har kilomita 273. Akwai tsohon lissafi a wasan, cewa a fili ayarin da ya tashi bi da gaske yana cinye minti ɗaya a kowace kilomita goma. Saboda haka minti goma ba abin tsoro ba ne in saura kilomita ɗari biyu. Barinsu a gaba ma yana kwantar da tseren, domin muddin akwai wasu can, masu neman ɓallewa sukan haƙura.

Su kuma me suke samu? Ga mahayin da ya zo shi kaɗai daga ƙasarsa, ba abokin tafiya, wannan ce hanyar da za a ga rigar ƙasarsa awa uku a idon duniya. Ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba. Kuma jefi-jefi lissafin ayari yakan kuskure. A tseren mata na Tokiyo, Anna Kiesenhofer ta Ostiriya ta fita tun daga farko, ba a sake ganinta ba sai da zinare a wuya.

Ainihin tambayar da ke yawo a cikin ayari duk tsawon waɗannan awanni ita ce: wa zai ja? Kowa na son a kamo na gaba, ba wanda ke son ya zama shi ne zai biya. A nan ne ƙungiya ke shigowa. Kowace ƙungiya tana da madugu, wanda ake tanadi domin ƙarshe, da 'yan hidima waɗanda aikinsu su tare masa iska, su koma mota su ɗebo masa ruwa, su ba shi kekensu in nasa ya sami matsala, su ja ayari har ƙarfinsu ya ƙare su sauka. Mutum ɗaya ke hawa dandamalin karɓar lamba, amma ƙafafun mutum huɗu ko bakwai ne suka kai shi.

Inda Olamfik ta sha bamban

Abokinka ya yi gaskiya, kuma dalilin yana cikin abin da na gama faɗa. Tour de France, babban tseren keke na Faransa da ake yi duk shekara, zango 21 ne cikin mako uku. Kowace ƙungiya na da mahaya takwas da suke cin albashi wuri ɗaya, suna horo tare duk shekara, kowa da ƙaramar rediyo a kunne, koci na cikin mota yana faɗa musu ratar da ke tsakani da abin da za su yi. In madugu ya yi kuskure yau, gobe zai gyara. A cikin mako uku, da manyan duwatsu da tseren agogo inda kowa ke tafiya shi kaɗai, ƙarfi na gaskiya sai ya fito fili.

Olamfik yini ɗaya ce, sau ɗaya a shekara huɗu. A Paris mahaya 90 ne kacal suka tashi, kuma ƙasar da ta fi kowa yawa mutum huɗu aka ba ta. Da yawa mutum ɗaya suka kawo. Rediyo kuma an hana. Mahayi yana sanin rata ne daga allon da wani ke ɗagawa a kan babur, ko in ya koma baya wajen motar ƙasarsa ya tambaya. Madugu da 'yan hidima uku ba za su iya riƙe tseren awa shida ba. Da zarar ukun nan sun ƙare, babu sauran mai iko da ayari, sai kallon-kallo.

Babu misalin da ya fi Landan 2012 fito da wannan. Birtaniya ta zo da mutum biyar, adadin da aka yarda a lokacin, kuma irin biyar ɗin da ba a cika haɗawa ba: Mark Cavendish, zakaran duniya kuma wanda ya fi kowa zura a mita ɗari biyun ƙarshe, da Bradley Wiggins wanda bai cika mako guda da cin Tour de France ba, da Chris Froome da ya zo na biyu, da David Millar da Ian Stannard. Shirinsu a bayyane yake: su riƙe ayari a dunƙule tsawon kilomita 250, su haura tudun Box Hill sau tara da Cavendish a bayansu, su kawo shi bakin layi ya gama aiki. Matsalar ita ce kowa ya san shirin. Wace ƙasa ce za ta taya ka ja, alhali ta san in aka iso tare ɗanka ne zai ci? Sai sauran ƙasashe suka riƙa tura mutanensu gaba, har aka tara gungu na wajen mutum talatin, cikinsu da manya. Mutum huɗu suna bin talatin masu karɓa-karɓa. Sun ja har suka ƙare, ratar ba ta rufu ba. A gaba kuma Alexander Vinokourov na Kazakistan, mai shekara 38, ya sulale tare da Rigoberto Urán na Kolombiya. Dab da layi Urán ya waiwaya ta kafaɗa ɗaya, Vinokourov ya zura ta ɗaya gefen. Cavendish ya shigo na 29.

Tokiyo, a ranar 24 ga Yuli 2021, ta nuna wata fuskar ta wannan ciwon. Hayin Mikuni, mai tsananin tsayi, ya tace ayarin ya bar 'yan ƙalilan, cikinsu da Tadej Pogačar wanda ya ci Tour kwana shida kafin nan, da Wout van Aert na Beljiyam. Saura kamar kilomita 25, Richard Carapaz na Ekwado ya bi Brandon McNulty na Amurka suka fice. A baya an bar mutanen da in sun haɗa kai za su kamo su cikin sauƙi. Sai dai kowa ya san Van Aert ya fi su zura a ƙarshe, don haka ba mai son ya ɗauko shi a bayansa ya kai shi ga zinare. Aka bar masa jan, shi kuma in ya ja sai wani ya kai hari, in an kamo shi sai kowa ya saki feda. Wannan tashi-tsaya ba ya kama mai tafiya da gudu ɗaya. Carapaz ya yar da McNulty saura kusan kilomita shida, ya shiga filin tseren motoci na Fuji shi kaɗai da ratar fiye da minti ɗaya. Ekwado mutum biyu ta kawo tseren. Van Aert ya ɗauki azurfa, Pogačar tagulla. A ganina Carapaz ya ci ne saboda ya karanta zukatan waɗanda ke tare da shi, ya gane ba za su taɓa yarda da juna ba, ya kuma sami ƙafar da zai tabbatar da karatunsa.

Rashin rediyo shi ma yana da nasa aikin. A wancan tseren mata na Tokiyo, Annemiek van Vleuten ta Holan ta tsallaka layi ta ɗaga hannu tana murnar zinare, ba ta san Kiesenhofer ta riga ta shiga ba. Ni dai ina cikin masu son a bar tseren haka. Yana mayar da hankali da ƙidaya hannun mahayi, inda suka dace.

Akwai wani abu da sabon mai kallo ba zai lura da shi ba. Rigar ƙasa ta yini ɗaya ce, albashi kuwa daga ƙungiyar kamfani yake fitowa duk shekara. A Sidni a 2000, mutum uku ne suka ɓalle: Jan Ullrich da Andreas Klöden na Jamus, da Vinokourov na Kazakistan. Ƙasa biyu a takarda, amma dukansu ukun 'yan ƙungiyar Telekom ne, Ullrich kuma shi ne madugunsu. Sun yi aiki tare kamar yadda suka saba, Ullrich ya ɗauki zinare, sauran biyun suka raba azurfa da tagulla. Wannan ya samo asali ne tun 1996 a Atlanta, lokacin da aka fara barin ƙwararru masu cin albashi su shiga. Kafin nan, tun tseren farko na 1896 mai kilomita 87 daga Atina zuwa Maraton da dawowa, na 'yan sha'awa ne.

Sai ƙaddara ta hanya, wadda tseren yini ɗaya ba ya yafewa. A Riyo a 2016, Vincenzo Nibali na Italiya, ɗaya daga cikin gwanayen gangara na zamaninsa, yana gaba tare da Sergio Henao da Rafał Majka. A gangarar ƙarshe Nibali da Henao suka faɗi a kwana. Majka ya rage shi kaɗai, ga shimfiɗaɗɗen titin bakin teku har Kopakabana, shi kuma siririn mai hawan dutse ne. Greg Van Avermaet da Jakob Fuglsang suka biyo shi suna karɓa-karɓa, biyu a kan ɗaya a fili, suka kama shi saura ƙasa da kilomita biyu. Van Avermaet ya ci, a hanyar da aka ce ta fi ƙarfin mai jiki irin nasa.

Amma ai Evenepoel shi kaɗai ya iso

Na san za ka ce haka, tunda ka ga ƙarshen tseren Paris na 3 ga Agusta 2024, wanda Remco Evenepoel na Beljiyam ya ci. Gaskiya ne mai ƙarfi yakan tafi shi kaɗai. Abin lura shi ne yaushe, kuma a ina.

Iska tana mulki ne a inda ake gudu. A kan tudu mai tsayi gudu yakan sauko ƙasa da kilomita 20 a awa, turjiyar iska ta ragu ƙwarai, nauyin jiki ya zama shi ne abin ja. A nan laɓewa a bayan wani ba ta da wani amfani mai yawa, kowa nauyinsa yake ɗauka. Haka kuma a ƙananan tituna masu kwana da daɓen duwatsu, ayari ba ya iya dunƙulewa, sai ya miƙe kamar zare, na baya ya fi na gaba wahala. Ƙara da gajiya: bayan kilomita 230 'yan hidima sun ƙare, waɗanda suka rage duk madugai ne, kowa na tsoron kowa. Wannan ne lokacin da ɗan fifikon kashi 5 ɗin nan yake zama rata.

Haka aka yi a Paris. Tseren ya shigo cikin gari, inda za a haura tudun Montmartre mai daɓen duwatsu sau uku. Mathieu van der Poel na Holan, wanda ake ganin hanyar ta dace da shi, ya kai hari a hawan farko, Van Aert ya manne masa. Beljiyam madugai biyu ta kawo, Van Aert da Evenepoel, kuma a nan amfanin hakan ya fito. Da aka lafa, ido na kan waɗancan biyun, sai Remco Evenepoel ya fita saura kamar kilomita 38. Duk wanda zai bi shi dole ya ja Van Aert a bayansa kyauta. Evenepoel ya kamo 'yan gaba, ya riƙa zubar da su ɗaya-ɗaya, na ƙarshe Valentin Madouas na Faransa, saura wajen kilomita 15. Kuma shi mutum ne da aka gina domin keta iska shi kaɗai: gajere ne, yana iya kwantawa a kan keke har ya rage faɗin da iska za ta doka, mako guda kafin nan ma shi ya ci zinaren tseren agogo. Saura ƙasa da kilomita huɗu, kusa da gidan tarihi na Louvre, tayarsa ta baya ta yi faci. Ka tuna yadda ya riƙa ɗaga hannu yana kiran mota, yana tambayar rata? Bai san ko minti ɗaya gare shi ko daƙiƙa ashirin ba. An canza masa keke, ya iso gaban hasumiyar Eiffel da ratar minti ɗaya da daƙiƙa 11, bayan awa shida da minti 19, ya zama namiji na farko da ya haɗa zinaren tseren titi da na agogo a Olamfik ɗaya. Madouas ya ɗauki azurfa, Christophe Laporte, shi ma na Faransa, tagulla. Awa huɗun da ka ga kamar ba a komai, su ne suka cinye ƙafafun da za su iya binsa.

Dole in yarda cewa 'yan shekarun nan sun ɗan girgiza tsohon lissafin da na koya. A gasar zakarun duniya, wadda hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ke shiryawa duk shekara, wanda ya ci kuma ya sa riga mai launin bakan gizo shekara guda, Pogačar ya kai hari saura kilomita 100 a Zurik a 2024, ya kuma ci. A da, koci zai kira wannan wauta. Ya maimaita a Kigali ranar 28 ga Satumba 2025, karon farko da aka kawo gasar Afirka. Amma ka dubi hanyar: kilomita 267 da rabi, jimillar hawa fiye da mita 5,000, a gari mai bisa inda numfashi ke wuya. Mutum 30 ne kacal suka kai ƙarshe. A irin wannan hanya babu filin da ayari zai taru ya yi amfani da yawansa. Ko a nan ma bai fita shi kaɗai ba. Ya tashi daga Dutsen Kigali tare da Juan Ayuso na Sifaniya da Isaac del Toro na Meziko, dukansu abokan ƙungiyarsa ta kamfani a shekarar, ya raba iska da Del Toro har sai da ya rage saura kilomita sittin da 'yan kai.

Wannan yana nuna maka cewa masu zana hanya suna da hannu babba a kan wanda zai ci. Biniam Girmay na Eritiriya, wanda ya ci zango uku da koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki, a Tour de France ta 2024, gwanin zura ne da ƙananan tuddai. Hanyar Kigali ba irin tasa ba ce ko kaɗan, kuma na ji zafin hakan, domin shekarar da gasar ta zo nahiyarsa ita ce aka shimfiɗa ta yadda ba shi da rabo a ciki.

Abin da ba zan ɓoye maka ba

Wasan nan yana da tabo. Vinokourov da na ambata sau biyu an dakatar da shi shekara biyu bayan an kama shi da ƙarin jini a Tour ta 2007. Davide Rebellin na Italiya an ƙwace azurfarsa ta Beijin 2008 saboda haramtaccen magani. Ullrich da kansa ya amsa daga baya cewa ya yi amfani da haramtattun hanyoyi. Saboda haka in na kawo tseren waɗancan shekaru, dabarar da ke ciki nake nuna maka, ban wanke ƙafafun da suka yi ta ba.

Sannan bayanin da mutum ke yi bayan an gama tsere kullum ya fi abin da ya faru tsabta. Ni ina zaune ina kallon hoton jirgin sama, ina ganin rata a rubuce. Wanda ke kan sirdi, zuciyarsa na bugun 180 a minti, ga ihun jama'a, yana yanke shawara ne cikin daƙiƙa biyu, wani lokaci ma ƙafa ce kawai ta ce masa tafi. Ko a ƙananan tserenmu na sha tambayar yaro me ya sa ya fita a daidai wurin da ya fita, ya ce shi dai ya ji kowa ya yi shiru.

In tseren Olamfik na Los Anjalas na 2028 ya zo, ko gasar zakarun duniya ta kowace kaka, kada ka tsaya kan wanda ke gaba. Ka dubi kan ayarin, ka ga rigar wace ƙasa ce ke ja, domin ita ce ta yarda ɗanta zai ci, kuma ita ce ke kashe mutanenta. Ka ƙirga 'yan hidima nawa suka rage wa kowane madugu bayan kilomita 200. Idan gungu ya fice, ka duba wace babbar ƙasa ce ba ta da mutum a ciki, ita za a bar wa bi. In kuma ka ga na gaba a gungu ya kaɗa gwiwar hannu yana neman a karɓe shi, na bayansa ya ƙi fitowa, to karɓa-karɓa ta watse, yanzu wani zai kai hari.